Keken Damagaram da Ya Fitar da Ni daga Maƙera

Kun sha ji a bakin dangi wai faɗa na yi da kakanku shi ya sa na bar maƙera. Kwanakin baya ma na ji Ladidi tana gaya wa 'ya'yanta wai Baba ya biyo ni da awartaki har ƙofar gida. Ba a yi haka ba. Baba bai taɓa ɗaga mini murya a kan maganar nan ba, da ma ya ɗaga da abin ya fi mini sauƙi. Abin da ya fitar da ni wata 'yar ƙofa ce a jikin gargaren keke, wadda da ƙyar ƙwayar wake za ta wuce ta cikinta. Tunda ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka ga abin da idonsu, gara ku ji daga bakina.

Shekarar da damina ta yi mana ƙarya ce, bayan wadda ta gabace ta ma ba ta cika alkawari ba. Lokacin na yi aure, yayarku Ladidi tana goye a bayan mahaifiyarku. Maƙerarmu rumfa ce a ƙofar gidanmu na Gumel, kuma mu maƙeran baƙi ne tun kaka da kakanni: fartanya, sungumi, lauje, gatari, duk abin da ake yi da baƙin ƙarfe. Ni ne babba a wurin Baba, ni ne kuma namijin da ya rayu, don haka kowa ya san uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen da ake dukan aiki a kai, hannuna za ta dawo. Amma a shekarar nan ba aiki. Wanda bai ga hadari ba ba ya sayen fartanya. Duk da haka kullum da safe sai Baba ya sa na zuba gawayi na yi zuga, ko da ba abin da za a sa a wutar. Ya ce maƙerar da ta wuni a sanyaye, mutane sukan manta hanyarta.

Muna zaune haka wata hantsi sai ga Ɗanladi mai faci, wanda yake gyaran keke a bakin kasuwa, tafe da wani dogon mutum mai ɗingishi yana tura keke. Keken ne ya fara ɗaukar idona kafin mai shi. Siriri ne kamar barewa, ba irin namu baƙaƙe masu nauyi ba, gargarensa fari fat, ba tsatsa ko ɗigo. Mutumin ya yi sallama da Hausar mutanen arewa, ya ce sunansa Isufu, daga wani ƙauye a ƙasar Damagaram. Suna noma suna kiwo. Da ciyawa ta ƙare, babban ɗansa Bello ya bi wasu makiyaya ya koro ragowar shanunsu kudu, tun daga nan ba labari. A kasuwar Maigatari aka ce masa an ga mutanensu tsakanin Sule Tankarkar da Gagarawa. Gwiwarsa ba ta tafiyar ƙasa, keken nan shi ne ƙafarsa, ga shi kuma tayar baya ta kwanta.

Ɗanladi ya juya keken ya nuna wa Baba.

"Baba, bawul ɗin baya, wato bakin da ake buga iska, shi ne ya karye, tif ɗin ma faci ne a kan faci. Ina da sabon tif da zai zauna a tayar. Amma dubi nasu bawul, siriri kamar tsinke. Namu mai kauri ne, ƙofar gargaren ba ta karɓarsa. Na aika har Maigatari, ba mai irin nasu. Shi ne na ce ko za a buɗa masa ƙofar kaɗan."

Baba ya karɓi gargaren ya jinjina shi a hannu, ya ƙwanƙwasa da farce ya kai kunne. Sai ya miƙa wa Ɗanladi.

"Wannan ba ƙarfena ba ne. Sanholo ne, aikin maƙeran fari. Ku kai musu."

"Ai mai yi ɗaya ne a garin nan, Baba, yunwa ta kai shi Kano."

"To, Allah ya kawo mafita. Ni ba na sa hannu a abin da ban san halinsa ba."

Ni duk wannan magana rabin kunne nake ba ta, domin na tsugunna wajen tayar gaba ina wasa da bawul ɗin da ya rage lafiya. Namu na san shi: akwai 'yar roba a ciki, ita ke tare iska, in ta ruɓe a sake wata. Wannan kuwa ba roba. Wani ɗan ƙanƙanin noti ne a bakinsa, in ka warware shi ka danna da yatsa sai iska ta yi tsaki, ka saki ta yi shiru. Me yake rufe ta? Na danna ya fi a ƙirga, har Malam Isufu ya ce mini cikin dariya in bar masa sauran iskar, ita ce guzurinsa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, a bar ni in gwada."

Baba ya dube ni. Da yake ni ne ɗansa na farko ba ya kiran sunana.

"Kai, kayan baƙo ne. In ka fasa masa gargare, a bayanka za ka goya shi zuwa Gagarawa?"

Malam Isufu ya riga ni amsawa.

"Maigida, yanzu ma ai belon ba tafiya yake ba. In ya fashe, Allah ne ya fasa. In ya gyaru, ina da ƙafa."

Belo suke ce wa keke a can. Baba bai hana ni ba. Ya dai sa aka shimfiɗa wa baƙo tabarma a zaure, aka kawo masa ruwa da ɗan kunun da ke akwai.

Niyyata in yi yadda muke huda fartanya: in gasa wurin ya yi ja, in ɗora mahuji in buga. Na shiga cikin gida neman tsumma, sai na ambata wa mahaifiyarku, ashe Inna tana ji daga bakin murhu. Ba ku san Inna, kakarku, sosai ba. 'Yar maƙeran fari ce ta Maigatari, ta tashi tana ganin mahaifinta yana zuba awarwaro da zobe, amma tunda ta zo gidan maƙeran baƙi ba wanda ya taɓa tambayarta komai a kan ƙarfe. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon ludayin sanholo da mariƙinsa ya karye.

"Ungo. Kafin ka ƙona keken mutane, sa wannan a wutarku ka jira ya yi ja."

"In ya yi ja fa, Inna?"

"In ya yi ja ka zo ka gaya mini, in ba ka goro."

Na kama ludayin da awartaki na tura cikin garwashi, na yi zuga. Ina jira in ga abin da na saba gani, baƙi ya koma ja, ja ya koma ruwan ɗorawa. Shiru. Ludayi yana nan fari kamar yadda na sa shi. Na ƙara zuga. Can sai na ga fatarsa ta yamutse kamar saman madarar da aka dafa, kafin in ja hannu ya sulale, ya zube cikin toka, awartakin ya rage ba komai a bakinsa. Na yi tsaye baki buɗe. Na waiga sai na ga Baba ma ya miƙo wuya daga inda yake zaune, ya ajiye carbinsa.

"Ka gani ko? Baƙin ƙarfe in ya ji wuta yakan faɗa maka. Wannan munafuki ne, ba ya nuna komai a fuska sai ya mutu."

Ni kuwa ba munafunci na gani ba. Abin da ya kama ni shi ne, ashe akwai ƙarfen da duk abin da aka koya mini tun ina yaro bai shafe shi ba. Na tono dunƙulen daga toka bayan ya huce, na goga masa magagari, sai ga shi yana cin sa kamar sabulu. Na kankare shi da wuƙa, ya kankaru. Nan tunanin ya zo mini: abin da wuƙa take yanka, me zai sa a kai shi wuta?

Na ɗauko wani mataccen magagari, na gasa wutsiyarsa, na buge ta ta zama mai kusurwa huɗu, siririya a baki tana kauri zuwa sama, na wasa gefunan. Da na zo kashe ta a ruwa don ta yi ƙarfi, sai na ji an karɓe awartakin daga hannuna. Baba ne. Ya mayar da ita wuta, ya jira launin da shi kaɗai ya san shi, ya tsoma, ya ciro, ya ajiye a gabana, ya koma mazauninsa.

Wahalar ita ce gargaren siriri ne. Ƙarfen da ya rage tsakanin ƙofar da kowane gefe bai fi faɗin ƙwayar dawa ba. In ƙofar ta karkace gefe ɗaya, ko na zarce, gargaren zai tsage ranar da ya faɗa rami. Na kafa shi tsakanin gwiwoyina, na zura ƙarfen nan, na riƙa murzawa da hannu a hankali, farin ɓawo yana naɗewa yana zubowa a kan wandona. In na murza kaɗan sai in cire in gwada bawul ɗin Ɗanladi, ya ƙi, in koma. Malam Isufu ya baro tabarmarsa ya tsugunna kusa da ni yana salati ƙasa-ƙasa, in ya ga na danna da ƙarfi sai ya ce "sannu, sannu" kamar mai lallashin saniya. Wajen azahar bawul ya shige, bai yi sako-sako ba, bai matse ba. Ɗanladi ya haɗa taya ya buga famfo, ta tashi ƙam. Malam Isufu ya yi sallah, ya sa mana albarka, ya kama hanyar Sule Tankarkar.

Kafin rana ta faɗi sai ga shi ya dawo yana tura keken, yana jan ƙafa, gumi ya jiƙe masa riga. Bai yi nisa ba tayar ta sace. Ɗanladi ya ciro tif ɗin, sai ga yanka a gindin bawul, a zagaye, kamar da aska. Na zura ɗan yatsa cikin ƙofar da na buɗa ta ɓangaren ciki, na ciro shi da jini. Ashe ƙarfen da na murza ya tayar da kaifi a bakin ƙofar, ni kuwa waje kawai na duba. Baba ya ce a ba baƙo haƙuri a nema masa jaki. Ni kuma na kasa sakin gargaren, domin yanzu na san abin da ya faru, kuma abin da aka san dalilinsa yana da magani. Washegari da sassafe na goge bakin da magagari mai laushi, na bi shi da yashi a tsumma har yatsa yana zamewa. Na yanko 'yar fata daga tsohon zugazuginmu, na huda tsakiyarta na zura a wuyan bawul, don roba ta kwanta a kan fata ba a kan ƙarfe ba. Ɗanladi ya matsar da bawul ɗin wani wuri a jikin tif, ya liƙe tsohon gurbin. Malam Isufu ya ce tunda haka ne a buɗa masa na gaba ma, ya huta da neman abin da babu. Na buɗa. Siririn bawul ɗin da aka cire ya bar mini, kuma kafin ƙurar kekensa ta kwanta na riga na farke shi. Ba komai a ciki sai ɗan tsinke mai kai. Iskar da ke cikin tif ita ke tura kan ta toshe wa kanta hanya. Na yi ta dariya ni kaɗai, har mahaifiyarku ta leƙo ta ga ko lafiya.

Sai da wata ya kusa mutuwa muka sake ganin Malam Isufu. Ya zo a kan keken, da wani saurayi a baya wanda ƙashin wuyansa ya fito, ƙafafunsa duk faso. Bello ne. A wani zango kusa da Gagarawa Tasha ya same shi, yana kwance da zazzaɓi, shanun sun mutu saura biyu, su ma wani ɗan uwansu yana biyo su da su a hankali. Inna ta dama masa kunu, ya sha. Malam Isufu ya kama hannun Baba da hannu biyu yana godiya, Baba ya nuna ni da haɓa.

"Ga mai aikin can. Ni ruwa kawai na tsoma."

Daga nan magana ta bazu. A shekarar mutanen arewa sun yi ta kwararowa, da yawansu da irin keken nan, kowa da matsala ɗaya. Ɗanladi ya ce mu riƙa zuwa Maigatari ranar kasuwa, shi da faci ni da ƙarfena. A gindin wata bishiya kusa da inda manyan motoci ke tsayawa muke zama. Ba buɗa ƙofa kaɗai na tsaya ba. Duk keken da aka kawo sai na san abin da ke cikinsa. Na buɗe cibiyar taya na ga 'yan ƙwallayen ƙarfe suna gudu cikin man shafawa. Na gano dalilin da ya sa feda take ƙas-ƙas in an juya ta baya amma ta kama in an taka gaba. Na koyi ɗaure wayoyin taya har gargaren da ya karkace ya miƙe. Ranar da ba ta kasuwa ba ina zaune a maƙera ina zuga, amma hankalina yana can. Da abin da nake samu muke auno hatsi, kuma da shi gidanmu ya ƙetare shekarar. Baba ya ci tuwon, bai taɓa kushe inda ya fito ba.

Sai Allah ya kawo damina mai kyau. Tun hadari na fari manoma suka cika rumfarmu, kowa da guntun fartanya a hannu. Aikin fartanya na mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe ɗaya ya buga, kuma kafaɗar Baba ta fara gajiya. A daidai lokacin ne Ɗanladi ya samu rumfa ta dindindin a Maigatari, ya ce in zo mu zauna tare. Na yi kwanaki ina juya abin. Mahaifiyarku ce ta fara gane inda na karkata.

"Malam, in ka tafi, wa zai riƙe wa Baba?"

"Akwai Sale ɗan Baffa."

"Sale zai riƙe masa guduma. Ba wannan nake tambaya ba."

Gadon maƙera take nufi, na kuma gane. Fartanya na san farkonta na san ƙarshenta, wadda zan yi bana ita kakana ya yi. Keke kuwa kullum sai ya kawo mini abin da ban taɓa gani ba. Ba ƙin gado na yi ba, ku fahimci wannan. Son sani ne ya fi ƙarfina.

Ranar da na gaya wa Baba, bayan la'asar ne, mutane sun watse. Ya daɗe yana tona toka da tsinke.

"Tun ranar ludayin na sani. Ni na ga ƙarfe ya lalace, kai ka ga abin kallo."

"Baba, ba nisa ba ne. Zan riƙa zuwa ina taya ku."

"Kada ka ɗaukar wa kanka. Ƙira ba ta son mai zuwa da komawa. Je ka, Allah ya yi albarka. Ka aiko mini Sale."

Iyakar abin da aka yi ke nan. Ba awartaki, ba kora. Sale ya zauna da shi har ƙarshen ransa, kuma shi Baba ya damƙa wa uwar maƙera, daidai ne kuwa, shi ya sha hayaƙin. Bayan rasuwar Baba, Sale ya ɗauke ta ya koma Sule Tankarkar wurin dangin matarsa, rumfar ƙofar gidanmu ta zama turken awaki. Baba yakan zo Maigatari cin kasuwa, ya tsaya daga bakin rumfata mu gaisa, ya tambayi yara, amma bai taɓa shiga ya zauna ba, ni kuma ban taɓa samun bakin ce masa ya shigo ba. Da keke na ciyar da ku, da shi na sa ku makaranta, ban yi da-na-sani ba. Amma a kaina wutar da aka gada ta mutu a gidan nan, wannan ma gaskiya ne, ku haɗa su biyun ku riƙe.

Shekaru bayan haka na sayi 'yar gona a hanyar Gagarawa. Na ce ɗan maƙeri ba zai sayi fartanya ba, na ari maƙerar wani na wuni ina bugu. Abin da ya fito ya karkace, da na kai shi gona bakinsa ya naɗe a kunyar farko. Ranar kasuwa na je layin maƙera, na tsaya gaban wani saurayi da ban sani ba, shi ma bai san ni ba. Ya ga ina jujjuya fartanya, sai ya karɓa ya ce, "Baba, bari in nuna maka yadda ake gane mai kyau." Ya ƙwanƙwasa ta, ya ce in saurari ƙarar, ya nuna mini inda ake duba kaurin baki. Na tsaya na saurare shi har ya gama. Na ce Allah ya yi wa wanda ya koya masa albarka, na biya, na saɓa fartanyata na tafi.